Ƙoƙon Farko Na Maigida Ne

Anti, don Allah ki taimake ni. Ƙofar gida na tashi gyarawa yau da safe saboda baƙin da za mu yi ranar Asabar, amma na ajiye guduma na ɗauki biro.

Shekaruna arba'in da uku, ni ke kula da sito a wata makarantar sakandare a nan Nandom. Mutum ne ni mai son tsari, kullum sai na rubuta yadda yinina ya tafi. Giya ce kaɗai ta ƙi bin tsarina. Bara na kwanta asibiti, idanuna sun yi rawaya, likita ya ce hantata ta fara gajiya. Na daina. Duk rani ban leƙa rumfar burukutu ba, har abokin wasana Atinga yana tsokanata wai tun da na tuba matan da ke dafawa suka rame.

To amma tun rasuwar babanmu ni ne babba a gida. Kin san duk tukunyar burukutun da ta shigo gida, maigida ke shan ƙoƙon farko, in bai sha ba babu mai taɓawa. Sai na ce ragewa zan yi: ƙoƙon al'ada kawai, babu ƙari. Da farko abin ya yi kamar zai yiwu. Ko kuwa ni ne nake son ganin haka, ban sani ba.

Ran gayyar gonata na sha ƙoƙon farko. Na tuna na biyu. Daga nan sai farkawa na yi a gindin kaɗanya, na ɓata wandona, 'yata Perpetua ta lulluɓe ni da gyalenta. Cikin masu noman har da Gervase, saurayin da take so. An ce shi ya janye abokansa zuwa can ƙarshen gona don kada su gani. Har yau ba ta ɗago mini maganar ba. Tana kawo mini tuwo, ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuma in kama kallon kwano.

Iyayen Gervase ne baƙin Asabar, da tukunyarsu za su zo neman aurenta. In na ƙi ƙoƙon, a wurinmu na ƙi maganar ke nan. In na karɓa, ban san inda zan tsaya ba. Wani lokaci ina ce wa kaina kurɓa ɗaya ce, wace irin kasawa ce namiji ya kasa kurɓa ɗaya? Anti, in sake gwada ragewa, ko in daina a ce na wulakanta surukai?

Wani uba a Nandom

AMSA

Ɗan'uwana, sannu. Kunyar da kake ji shaida ce cewa 'yarka na da uban da ya damu da ita.

Ba zan ce ragewa ƙarya ba ce. Akwai waɗanda take yi wa aiki. Amma kai ka gwada, da gaskiyarka, ka ga inda ta kai ka, ga kuma maganar likita a kan hantarka. Wannan ba rashin mazantaka ba ne, ciwo ne, kuma a jikinka ƙoƙon farko shi ne ƙofarsa. Dainawa ce taka. In tun ranar gayya kana sha kullum, ka fara zuwa asibiti, don yankewa farat ɗaya kan yi haɗari.

Ita ma al'adar ba zan ce ka yar da ita ba. Amma tabbas an taɓa yin maigidan da ya kwanta ciwo ranar neman aure, kuma an yi auren. Ka je wurin dattijon danginku tun kafin Asabar, ka tambaye shi yadda ake yi. Mai yiwuwa ka karɓa da hannu biyu, ka zuba wa magabata a ƙasa, ka miƙa wa ƙanenka ya sha da sunanka. Sannan ka aika wa mahaifin Gervase, ya ji dalili daga gare ka, kada ya gani a tsakar gida ya fassara da kansa.

Abu mafi wuya na bari a ƙarshe. In Perpetua ta kawo tuwo, ka ɗaga kai ka ce mata ta zauna. Ka gode mata, ka gaya mata abin da ka yanke. Shirun nan naka ya fi ranar gayya yi mata nauyi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka yi rawa a bikinta da ƙafafunka daram.