Yatsun Yaya Hasiya

Anguwan Rogo, Jos
Litinin

Oga Muyiwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya Ibadan, ya Madam da yara? Allah ya sa kun saba da wuri.

Oga, na shiga uku. Ka san Yaya Hasiya, wadda injin markaɗe ya cinye wa yatsu uku na hagu. Tun lokacin ba ta hau keken ɗinki ba. Wata biyu ina ƙera mata yatsun roba a kwamfuta yadda ka koya mini. Madam Loyis ta anguwan Daɗin Kowa ta buga mana su da injinta mai fitar da zanen kwamfuta da roba. Wajen da dungulmin zai shiga ya yi mata kaɗan, sai na ja akwati a kan hoton da linzamin kwamfuta na zaɓi ɗigogin wurin, na buɗa shi. A allo ya yi kyau. Aka sake bugawa, ɓangaren baya ya fito a matse, da wani tudu kamar ƙaya. Yaya ta cusa hannu don kada in ji kunya, tabon ya fashe, jini har kan zani.

Ta ce in bar ta haka, ita ba abin gwaji ba ce. Madam Loyis kuma ran Juma'a za ta kai injin Abuja, bugu ɗaya ya rage mana. Na zaɓa sau ashirin, duk lokacin da na juya hoton sai in ga baya bai motsa ba. Don Allah ina na kuskure?

Yaronka,
Tasi'u

Ibadan
Talata

Tasi'u,

Muna lafiya. Sannu, ka gaida Hasiya.

Kai tela, na san abin da ka yi. Ka ɗauka akwatin nan almakashi ne, idan ka ninke yadi ya ci sama da ƙasa tare. Ba haka yake ba. Abin da idonka ya gani kawai yake ɗauka, na baya yana zaune abinsa. Danna Alt da Z, hoton zai zama kamar gilashi, sannan ka ja akwatin. Kafin ka motsa komai, juya ka duba ko ɗigogin baya ma sun kunna launi. Laifina ne, na tafi ban nuna maka ba.

Ni kwamfuta na iya. Hasiya kuma sai kai.

Naka,
Muyiwa

Anguwan Rogo
Laraba

Oga,

Na gode, Allah ya saka. Ɗigo ɗari da sha biyu ne suka ɓuya mini a baya. Na gyara.

Amma dole in sake auna hannun, ya kumbura. Na je da tef ɗin awo, ta tura hannun cikin hijabi. Ban roƙe ta ba. Na ajiye kwamfutar kan tabarma na nuna mata gaba, na juya mata baya, na ce ga inda na cuce ki. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ko ɗan koyo ya san a juya riga a duba ciki. Ta karɓi tef ɗin, ta ce ita za ta auna, ni in riƙe kan tef ɗin in rubuta.

Gobe da safe za a buga. Ka sa mu a addu'a.

Tasi'u

Anguwan Rogo
Asabar

Oga,

Injin ya tafi jiya. Yatsun sun shiga, ba jini. Yau ta danne yadi da su ta ɗinka layi ɗaya, ya ɗan karkace. Ta ce in gaya maka keken ne ke son mai.

Ka huta lafiya.

Tasi'u