Gurbin Unguwa

Ƙofar Sauri, Katsina
4 ga Agusta, 2004

Yaya Isiyaku,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya aiki, ya Kaduna? Inna na gaishe ka.

Ka san tun da soja suka koma bariki makarantun kuɗi ke ta ƙaruwa, kowace na son shafin intanet. Ni na haɗa na makarantarmu. Fom uku na yi: na ɗaukar ɗalibai, na neman aikin koyarwa, da na tsofaffin ɗalibai. Kowanne sai da na zauna na yi mashi gurbin zaɓen unguwa, tun daga Ƙofar Kwaya har Batagarawa.

Sai aka ɗauko wata Ummukulthum aiki. Ta cire nawa ukun, ta yi gurbi ɗaya tal, duk fom ɗin na jawo shi daga wuri guda. In ta ƙara unguwa sau ɗaya, sai ta fito ko'ina. Shugaban makaranta ya yaba mata gaban malamai. Sunana bai ko fito bakinshi ba.

Ƙanenka,
Haliru

Kaduna
12 ga Agusta

Haliru,

Muna lafiya, alhamdulillahi. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga laifin yarinyar nan ba. Aikinta ya fi naka sauƙi, shi ne ke cin ka. Je ka ce ta koya maka. A gaida Inna.

Isiyaku

Katsina
25 ga Agusta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ban bi maganarka ba. Na shiga in cire gurbinta daga fom ɗin ɗalibai kawai in maida nawa. Ashe tushen da duk fom ɗin ke jawowa na goge. Ya ɓace daga fom ukun, tare da unguwannin yara ɗari da sittin, ga shi da su za a tsara hanyar motar makaranta.

Shugaba ya kira ta ofis, ya ce ko ta gyara ko ta tafi. Manhajar da muke aiki da ita na nuna sunan wanda ya taɓa abu, kuma Ummukulthum ta ga nawa. Amma ta ce mashi, "Malam, ba ni kwana uku." Tun jiya take bin gidajen iyaye da takarda da biro.

Yaya, har wannan shirun nata haushi yake ba ni.

Haliru

Katsina
27 ga Agusta

Yaya,

Sallama. Yau da safe na faɗa wa Shugaba ni ne. Ya dakatar da ni mako biyu. Na je na karɓi rabin sunayen yaran a hannun Ummukulthum don in bi gidajensu. Ta dai ware mani na unguwannin nesa.

A yi mani addu'a.

Haliru