Ƙaiƙayi a Akwatin 'Ya'yan Tsaka

Ƙanena Ishaku,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aikin bariki, yaya Rahila da yara? Mu a Rikoto lafiya.

Raina ya ɓaci kan 'ya'yan tsakar da ɗanka Bulus yake kiwo a akwati, ya ba ni amana. Ɗan littafinsa ya ce takarda kawai za a shimfiɗa musu, domin ƙanana sukan haɗiye abin da ke ƙasa. Lokacin da na je garin Manga, matata Ladi ta zuba musu ƙaiƙayin shinkafa kamar 'ya'yan kaji. Da na yi magana, ta ce, "Maigida, tsakar da muke kashewa da takalmi?" Yau kwana uku ƙaramar ba ta ci komai ba.

Na kwashe ƙaiƙayin, na sake shimfiɗa musu takarda. Ku taya ni addu'a. Gaishe da kowa, amma kada yaron ya ji tukuna.

Yayanka,
Danladi