Makin da Na Ba Kaina

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da Baffa da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu ma lafiya lau muke. Baba ya koma aiki, Inna ta warke daga mura, Auta kuma ya fara haƙori, kowa ya ɗauke shi sai ya sha cizo.

Gwaggo, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Takardar neman shiga jarrabawar sakandare da na ce ta ɓata, ba ta ɓata ba, ni na tura ta ƙarƙashin katifa. Tsoro nake ji kada in faɗi a yi ta kallona. Shi ya sa da kika ce in dawo wurinki in koyi saƙa na yi saurin cewa to.

A hutun da ya wuce Inna ta ce in riƙa bin Yaya ɗakin gwajin jini inda take aiki, wai in na ci gaba da zaman ɗaki wata rana za a naɗe ni da tabarma. Ɗakin aikin sanyi ƙalau, kowa da farar riga, ga wata na'ura kamar firji mai karanta rubutun halitta da ke cikin jini. Yaya ta ce haruffa huɗu ne kacal suke ta maimaituwa, kuma duk harafin da na'urar ta karanta sai ta ba kanta maki, wato yadda ta tabbata da shi. Matsalar ita ce ba ta san kanta ba. A farkon layi tana karantawa daidai amma ta ba kanta maki kaɗan, a ƙarshen layi kuwa tana kuskure tana cika baki. Yaya ta ce halin Kawu ke nan sak in ana hirar ƙwallo. In aka bar ta haka, likita zai iya gaskata kuskure ya ce mutum yana da ciwon da ba shi da shi. Don haka Yaya take gyara manhajar kwamfutar. Tana gwada karatun na'urar da wuraren da aka riga aka san amsarsu, ta ga sau nawa ta ce ta tabbata alhali ta kauce, sannan a sake mata makin gwargwadon gaskiyarta.

Sai na ce bari in gwada kaina. Na ɗauko littafin tsofaffin tambayoyi, mai amsoshi a baya. Amsar da na tabbata da ita in ja mata layi, wadda nake shakka in ɗiga mata ɗigo. Cikin sittin, arba'in na ɗiga wa ɗigo. Da na duba baya, Gwaggo, talatin da huɗu daga cikinsu daidai ne! Ashirin ɗin da na ja wa layi kuwa na faɗi bakwai, duk lissafin rabawa ne na ƙarshe, inda nake sauri. Yaya ta leƙo ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe na'ura biyu take da su. Mako guda na yi a kan rabawar nan, na sake gwadawa da wasu tambayoyin, biyu kawai na faɗi. Yanzu na san inda nake tuntuɓe, kuma ba inda nake jin tsoro ba ne.

Ki gaishe mini da Baffa, da Yaya Babba da amaryarsa, da Tagwaye. Inna ta ce a gode miki da zanen da kika aiko. Don Allah kada ranki ya ɓaci saboda gadon da kika gyara mini, in an yi dogon hutu zan zo in kwana a kai.

Jiya na ciro takardar, na bi ta da dutsen guga don ta miƙe, na cike ta da hannuna. Yaya ta sa hannu ba ta tambaye ni inda ta kwana ba. Da safen nan na kai wa Hedimasta, saura kwana biyu a rufe karɓa. Zan zauna jarrabawar, Gwaggo. Ki sa ni a addu'a.

Ɗiyarki,
wadda kike kira Ƙasa-ƙasa