Shafi Goma Sha Bakwai, Mota Ba Ta Fita Ba

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni. Kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na kai wa kukana sai ya kama dariya.

Wata biyar ke nan da aka yi wa motata sabon fenti ja. Da ta dawo gida na shafa mata man ƙyalli, wanda yake cike ƙananan karce har fenti ya yi kamar jiƙaƙƙe. Sai dai shi wannan man ba ya jure ruwa, dole a rufe shi da wani abu. Mai fenti ya ce in fara da man kariya, sannan in ɗora kaki a sama. Maƙwabcina mai aski, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba amma babu abin da bai sani ba, ya rantse kaki ake fara sawa. Ni kuwa ba na son ɓata wa kowa rai, sai na bi mai fenti a gefen dama, na bi mai aski a gefen hagu. Hagu ya yi dishi-dishi, na ƙara shafi. Dama ya fi shi haske, na ƙara wa hagu. Yanzu shafi goma sha bakwai ne, na ma manta wanne ne a ƙasa.

Kowane shafi yana son kwana ɗaya cur babu rana babu ƙura, don haka motar ba ta fita daga gareji ba tun ranar. Ta yi kyau, Gwaggo, har tana ba ni tsoro. Zakaranmu kullum sai ya yi faɗa da zakaran da yake gani a jikin ƙofarta, kuma har yau bai ci nasara ba. Ƙadangare ya faɗo kanta daga rufi, santsi ya kwashe shi sai bakin ƙofa. Na ja layi da alli a ƙasa, taku uku daga motar, daga nan maiɗakina take tsayawa ta kalli kanta a jikin motar ta ɗaura ɗankwali.

To, ita ce ma matsalar. Cikinta wata takwas ne, haihuwar fari. Awo biyu na ƙarshe yayanta ne ya kai ta a motarsa ta dakon siminti, ta dawo fari fat. Jiya ta ce, ba da faɗa ba, in naƙuda ta tashi motar tana lulluɓe, yayanta za ta kira, kuma daga asibiti gidansa za ta wuce. Maganar ta tsaya mini a rai, don ina sonta ƙwarai. Shi ya sa nake tambaya: wane kaki ne ya fi saurin bushewa?

Naki, Mai Jar Mota

Ɗana Mai Jar Mota,

Bari in fara da batun jerin shafin, tunda na ga shi ne ya hana ka sakat. Mai fenti ne da gaskiya. Man ƙyalli a ƙasa, man kariya a kansa, kaki a ƙarshe, kowanne shafi ɗaya siriri. Man kariya ba ya kama jikin kaki, shi ya sa gefen hagu ya dushe. Ka kuma duba kwalbar man ƙyallin, in mai maiƙo ne sosai, kaki kawai ya ishe shi. Mai aski ka bar masa kanka, kada ka ƙara masa da mota.

Ban ga laifinka ba don ka so abinka ya yi kyau. Mutumin da yake da haƙurin shafi goma sha bakwai zai iya renon jariri. Amma matarka ma tana da gaskiya, ta ma fi ka. Ba kishi take yi da mota ba, tsoro take ji, kuma tana so ta san wa za ta kira. Matar da ta dawo daga awo da siminti a gira ba ta ɗaga murya ba, ka riƙe ta da kyau.

Gobe da safe ka tura motar tsakar gida, ka wanke ta tas da sabulun wanke-wanke har duk shafin ya fita. Na ce ka tura, don motar da ta yi wata biyar a tsaye ba za ta tashi da makulli ba. Ka kira makanike ya duba batir da birki, a sa wa tayoyi iska, a zuba mai. Ka goge layin allin nan da ƙafarka, a gabanta. Sannan ka ɗauke ta ku bi hanyar asibiti, ku je ku dawo, ka san tsawonta. In tsuntsu ya yi muku kashi a gilashi, ka ci gaba da tuƙi.

Kakin ka ajiye shi sai bayan haihuwa. Ka kuma shirya zuciyarka, don nan da shekara ɗaya akwai mai zuwa da hannu duk maiƙo, ya dafa wannan jar ƙofar ya miƙe tsaye karon farko. Ina fata ranar ba za ka ruga neman tsumma ba.

Allah ya sauke ta lafiya, ya sa kai ne a kan sitiyari.

Gwaggonku