Motar Yaya Bashir 'Yar Ina Ce

Daren Alhamis, watan Zulƙida, Mandawari

Gari sai murnar komawar sojoji bariki ake yi, ni kuwa ƙafar Baba ta hana ni sukuni. Kumburin ya kai gwiwa, amma ya ƙi zuwa asibiti.

Da la'asar Yaya Bashir ya kawo sabuwar motarsa bakin lungu, muka lallaɓa Baba muka riƙo shi. Yana ganin ta ya ja ya tsaya. Tun yana fatauci ba ya taɓa kayan da bai san asalinsu ba, ko da turare ne.

"Bashir, 'yar ina ce?"

"Sunan na Faransa ne, Baba. Can ake ƙera injin, a kawo Kaduna a haɗa. Haka suke yi a ƙasashe da yawa."

Na ce a raina shi ke nan, zai koma ciki. Sai ya daɗe yana shafa ƙofar motar.

"Ashe irinmu ce. Kakana daga Turabulus ya zo, a nan aka haɗa mu."

Da kansa ya shiga, muka wuce asibiti. An kwantar da shi, gobe likita zai faɗi ko ƙafar za ta tsira. Allah ka bar masa ita.