Sahu Uku A Sallar Jariri

Jiwa, Abuja
4 ga Maris

Goggo Batulu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa Zariya lafiya, ya ciwon gwiwar? Na rubuto ne domin duk lokacin da na kira ki a waya, da na ɗauko maganar sai ki ce ba kya jina.

Yau kwana ashirin da yi mini aiki. Ɗinki ya kama, amma zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in share tsakar gidan da na riga na share. Nono ya zo har yana jiƙa mini riga, na ɗaure ƙirji da zani yadda kika nuna mini. Mata suna ta shigowa da "Allah Ya ba da mai amfani", ni kuwa ina amsa amin da baki kawai.

Goggo, tambaya ɗaya ce. Ke da maigidana Abdulbasit kun ce yaron bai zo da rai ba. To ni na ji kuka a ɗakin tiyata kafin allurar barci ta gama tafiya da ni. Siriri ne, sau biyu. Na tambayi maigidan, sai ya tashi ya hau goge takalminsa, washegari ya koma wajen aikinsa na direba a Maitama. Ko hankalina ne ya taɓu, ki faɗa mini in sani.

'Yarki,
Juwairiyya

Zariya
11 ga Maris

Juwairiyya,

Wa'alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, ke ce dai ciwon da ya fi damuna.

Tun kina ƙarama haka kike, ba kya barin magana ta kwanta. Allurar barci tana sa mutum ya ji abin da babu, kuma asibitin cike yake da jariran wasu. Ba ke aka fara yi wa rashi ba. Ni uku na binne, ban taɓa tsare kowa da tambaya ba, ga ni nan da raina. Ki sha kununki da zafi, ki daina sharar nan kafin ki farke ɗinki.

Ki kuma gode wa Allah, yaro ya samu gata. Sai da aka yi sahu uku a sallarsa, direbobin Maitama har da Kiristocinsu suka raka shi. Ki bar wa Allah sauran, kada ki matsa wa mijinki, shi ma yana ji.

Goggonki

Jiwa
15 ga Maris

Maigida,

Barka da aiki. Ga takardar Goggo nan na haɗo maka, ka karanta sakin layi na ƙarshe.

Shekara shida na yi a Islamiyya. Jaririn da bai yi kuka ba, ba a yi masa salla, naɗe shi ake yi a kai shi. Goggo ta san haka, kai ma ka sani, liman kuwa ba zai tsayar da sahu a kan abin da bai motsa ba. Ke nan abin da na ji, na ji shi.

Wata guda kuna kallona ina zargin kaina da hauka. Wannan ya fi yankan ciwo. Ban zo da faɗa ba, amma ina jin haushinku ƙwarai. Ka faɗa mini tsawon lokacin da yaron ya yi da rai, da wanda ya riƙe shi. In ba ka faɗa ba, ranar Litinin zan hau mota in je asibitin in nemi Sista Christina, nas ɗin da ta karɓe shi, ko da zan yini a bakin ƙofa.

Matarka,
Juwairiyya

Maitama
17 ga Maris

Juwairiyya,

Kada ki hau mota da wannan ɗinkin. Na ɗauki waya ya fi sau goma, na san muryata ba za ta kai ba.

Ya yi kuka. Ya yi kusan awa ɗaya a duniya, huhunsa ne bai yi ƙwari ba. Sista Christina ta miƙo mini shi a cikin zaninki mai ruwan toka, na yi masa kiran salla a kunne, ya kama mini yatsa. A hannuna ya cika. Na sa masa suna Nasrullahi.

Goggo ta ce in kika san ya rayu ba za ki tashi ba, ni kuma na yarda, don na ga jinin da kika zubar na tsorata. Laifin nawa ne. Ni ma tun ranar ban ambaci sunan ga kowa ba.

Na roƙi oga hutun Asabar. Zan kai ki bakin katangar maƙabarta, daga nan ana hango wurin. Ki yafe mini.

Abdulbasit

Jiwa
22 ga Maris

Goggo,

Ina gaisuwa. Mun je, na ga wurin, na yi kuka har na gaji, ba wanda ya hana ni. Da muka dawo na ci abinci, na zauna.

In kin samu dama, ki rubuto mini sunayen naki ukun. Ina so in riƙa haɗa su a addu'a.

'Yarki,
Maman Nasrullahi